Sa Ho Kai: Ɗan Fasto, Likita Kuma Lauya, Wanda Ya Yi Shekara 24 A Majalisar Hong Kong

Da wuya a sami wanda ya shiga makaranta a ƙasar nan bai ji sunan Gwamna Lugga ba. Mun san a zamaninsa ne Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, shi ne kuma ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san inda ya zauna tsakanin waɗannan shekaru. Bayan ya bar Arewa a 1906, sai aka tura shi Hong Kong, wani tsibiri a gaɓar ƙasar Sin wanda ke hannun Ingila, ya yi gwamna can daga 1907 zuwa 1912. A Majalisar Dokokin wurin ya tarar da wani Basine wanda ya riga ya yi shekara 17 a kan kujerarsa, mai suna Ho Kai. Rayuwar wannan mutum za mu duba a wannan fili, domin mu ga yadda ya yi da ilimin da ya samo, da kuma wuyar da ke cikin tsayawa tsakanin mai mulki da waɗanda ake mulka.

Gidan da ya fito

Ingila ta kama tsibirin Hong Kong a 1841, lokacin yaƙin da ta yi da ƙasar Sin a kan cinikin ofiyom, wata ƙwaya mai sa maye. A 1842 aka rubuta yarjejeniya, tsibirin ya zama nata. Kusan dukan mazaunan wurin Sinawa ne, amma gwamna da alƙalai da manyan ma'aikata duk Turawa ne. Akwai lokacin da doka ta hana Basine fita da dare sai yana riƙe da fitila da takardar izini, ba a kuwa soke wannan doka ba sai a 1897.

Cikin wannan hali aka haifi Ho Kai a watan Maris na 1859. Sinawa sukan fara da sunan zuriya ne, saboda haka Ho shi ne sunan gidansu, Kai kuma nasa na kansa. Mahaifinsa, Ho Fuk-tong, yana cikin Sinawa na farko da aka naɗa fasto. Ya yi karatu a hannun wani ɗan mishan mai suna James Legge, na Ƙungiyar Mishan ta Landan, aka kuma naɗa shi a 1846. Ya yi wa'azi shekaru da yawa, ya kuma sayi filaye da gidaje tun garin yana sabo. Ya rasu a 1871, Ho Kai yana da shekara 12, ya bar wa iyalinsa abin hannu da ya isa a ilimantar da 'ya'yansa.

A 1872 aka sa yaron a jirgin ruwa zuwa Ingila, yana ɗan shekara 13. Bayan makarantar sakandare ya shiga Jami'ar Aberdeen a Sikotilan, ya gama karatun likita a 1879. Ya ƙara koyon aiki a Asibitin St Thomas a Landan. Da wani ne, da nan zai tsaya, amma shi sai ya shiga makarantar lauyoyi ta Lincoln's Inn, ya zama cikakken lauya a 1882. Kafin ya bar Ingila ya auri wata Baturiya mai suna Alice Walkden a 1881, abin da ba a cika gani ba a wancan zamani. A 1882 suka taho Hong Kong tare.

Likitan da bai sami marasa lafiya ba

Da ya dawo, niyyarsa ita ce ya yi aikin likita a cikin mutanensa. Sai ya tarar ba su yarda da maganin Turawa ba. Suna da nasu masu magani na gargajiya tun kaka da kakanni, suna kuma tsoron wuƙar likita ƙwarai. Wanda ma ya yarda ya zo, ba ya son ya biya. Da ya ga haka sai ya juya ga aikin lauya, da shi ya ci abinci har ƙarshen ransa.

A 1884 babban rashi ya same shi. Matarsa Alice ta kamu da zazzaɓin taifod, ta rasu ba da daɗewa ba bayan ta haifi 'ya mace. Aurensu bai cika shekara uku ba. Aka kai jaririyar Ingila wurin dangin uwarta. Ga likita mai takardun Ingila, amma bai iya ceton matarsa ba.

Abin da ya yi da wannan baƙin ciki shi ne babban abin da ake tunawa da shi. Ya ba da kuɗinsa aka gina asibiti da sunanta, aka damƙa shi ga Ƙungiyar Mishan ta Landan, wadda mahaifinsa ya yi wa hidima. An buɗe Asibitin Tunawa da Alice a watan Fabrairu na 1887, domin talakawan Sinawa su sami maganin zamani kyauta. Tun da kuɗi da tsoro ne suka hana mutane zuwa, sai aka kawar da maganar kuɗi, aka bar aikin kirki ya kawar da tsoron a hankali. Mutanen da ba su zo ɗakin Ho Kai ba a dā, sai ga shi suna cika ƙofar asibitin.

Bai tsaya nan ba. Ya gane cewa muddin likita baƙo ne, mai ciwo zai riƙa ɗari-ɗari da shi. Sai ya haɗa kai da waɗansu likitoci Turawa, aka buɗe makarantar koyon likita domin Sinawa a cikin asibitin, a watan Oktoba na 1887. Shugabanta na fari shi ne Dokta Patrick Manson, wanda ya gano cewa sauro ne ke ɗauke da tsutsar da ke kawo tundurmi. Akwai kuma Dokta James Cantlie. Ho Kai da kansa ya koyar da fannin da ya haɗa likita da shari'a, gama shi ya san duka biyu. A 1892 ɗalibai biyu na farko suka gama. Ɗaya daga cikinsu sunansa Sun Yat-sen, za mu kuwa sake jin sunansa a gaba.

Dokar tsabta da annobar 1894

A 1886 gwamnati ta sa Ho Kai cikin Hukumar Tsabtar Gari. A nan ya gamu da gwaji mafi wuya a aikinsa, ya kamata kuma mu dube shi da idon gaskiya.

Unguwannin talakawa a Hong Kong sun cushe ƙwarai. Akan tsaga ɗaki ɗaya da katako, iyalai da yawa su zauna ciki, ba taga, ba iska, ba makewayi na kirki. Tun 1882 wani injiniya mai suna Osbert Chadwick ya bincika garin, ya yi gargaɗi cewa in ba a gyara ba, wata rana annoba za ta tilasta a gyara. Sai gwamnati ta kawo shirin doka wadda za ta ƙayyade yawan mutanen da za su kwana a ɗaki, ta kuma tilasta masu gini su bar fili a bayan gida domin iska da haske.

Kowa ya zaci likitan da ya yi karatu a Aberdeen zai goyi bayan dokar. Amma Ho Kai ya rubuta doguwar takarda ta ƙin yarda. Hujjarsa ita ce an ɗauko ma'aunin Ingila an ɗora wa mutanen da ba a tambaye su ba, ba a kuma san zamansu ba. Ya nuna cewa in aka rage yawan masu kwana a ɗaki, kuɗin haya zai hau, lebura kuwa ba shi da abin ƙarawa, sai dai ya rage abinci ko ya kwana a titi. Akwai gaskiya a cikin wannan magana. Amma kuma masu gidajen haya, Turawa da Sinawa, su ne suka fi kowa jin daɗinta, domin dokar za ta taɓa aljihunsu. Da aka zartar da dokar a 1887, an riga an sassauta ta, an cire waɗansu sassa masu muhimmanci.

Shekara bakwai bayan haka, a watan Mayu na 1894, annoba ta shigo daga wajen birnin Canton. Ita ce cutar nan da ƙuman ɓera ke yaɗawa, ko da yake a lokacin ba a riga an gane hanyar yaɗuwarta ba. Ta fi tsanani a unguwar Taipingshan, inda cunkoso ya fi yawa. A wannan shekara kaɗai ta kashe mutum kimanin 2,500, dubban mutane kuma suka gudu daga garin. Gwamnati ta sa sojoji suna shiga gida gida suna neman marasa lafiya, ana ɗaukarsu ana kai su wani jirgin ruwa da aka mai da shi asibiti. Mutane suka firgita, suka riƙa ɓoye majinyata da gawawwaki. A ƙarshe aka rushe unguwar Taipingshan.

Ba za mu ɗora wa mutum ɗaya alhakin annoba ba. Duk da haka a fili yake cewa gidaje masu duhu da cunkoso su ne mazaunin ɓera, gargaɗin Chadwick kuma ya tabbata. Ho Kai ya yi daidai da ya ce kada a yi wa mutane doka a bayan idonsu, abin da sojoji suka jawo a 1894 ma ya nuna haka. Inda ya gaza shi ne ya kāre talaka daga tsadar haya, ya bar shi cikin ɗakin da ke kashe shi. Wanda duk yake magana da sunan jama'a, ya kamata ya riƙa tambayar kansa wane ne a cikin jama'ar zai ci ribar maganarsa.

A Majalisar Dokoki

A 1890 aka naɗa Ho Kai ɗan Majalisar Dokoki. Shi ne Basine na uku da ya zauna a wannan majalisa. Na farkon, Ng Choy, mijin 'yar'uwarsa ne, wanda daga baya ya zama jakadan ƙasar Sin a Amurka da sunan Wu Tingfang. Mu lura, ba zaɓe ne ya kai Ho Kai can ba, naɗi ne. Gwamna ne shugaban majalisar, ma'aikatansa kuma su ne mafi yawa a ciki, saboda haka duk abin da gwamna ya nace a kai, sai ya wuce. Makamin Ho Kai bakinsa ne da sanin doka da haƙuri. Da su ya yi aiki sau huɗu a jere, kowane naɗi shekara shida.

A 1892 waɗansu Turawa suka tayar wa Po Leung Kuk, wata ƙungiya da Sinawa suka kafa a 1878 domin ceton mata da yara daga masu sata suna sayarwa. Aka zarge ta da zama ƙungiyar asiri. Ho Kai yana cikin kwamitin bincike, ya tsaya mata, a 1893 kuma doka ta amince da ita. Bayan annoba, irin wannan ya sami Asibitin Tung Wah, inda ake maganin gargajiya. Waɗansu suka so a ƙwace shi daga hannun Sinawa. Kwamitin 1896, wanda Ho Kai ke ciki, ya ba da shawara a bar shi a hannunsu, amma a gyara shi. Aka sa masa likita Basine wanda ya koyi maganin zamani. Wannan ita ce hanyar Ho Kai a yawancin al'amura: a riƙe abin da mutane suka amince da shi, a shigo da gyara ta cikinsa.

A 1894 ya sa hannu tare da waɗansu 'yan majalisa a takardar koke zuwa Landan, suna neman a ba masu biyan haraji ikon zaɓen wakilai. Landan ta ƙi. Abin da aka samu shi ne ɗan ƙari, ciki har da kujera ta biyu domin Sinawa a 1896, wadda aka ba wani mai suna Wei Yuk. Akwai kuma inda ya yi shiru, masu tarihi kuwa ba su manta ba. A 1904 aka kawo dokar da ta keɓe wa Turawa unguwar kan dutse, inda iska ta fi sanyi, Ho Kai bai yi hamayya da ita ba.

Alƙalaminsa a kan ƙasar Sin

Ko da yake talakan Ingila ne bisa doka, zuciyarsa tana kan ƙasar kakanninsa. A lokacin gidan sarautar Mancu ne ke mulkin Sin, ƙasashen Turai kuwa suna ta yagar rabonsu. A 1887 wani babban jakadan Sin mai suna Zeng Jize ya rubuta cewa ƙasar ta farka daga barci, tun da ta sayi jiragen yaƙi ta kuma gina ganuwa a gaɓar teku. Ho Kai ya ba shi amsa a jarida. Ya nuna cewa an fara gini daga rufi ne. A ganinsa raunin Sin yana cikin gida: shari'a ba adalci, ana azabtar da wanda ake tuhuma, ma'aikata suna cin hanci, talaka kuma bai amince da mai mulkinsa ba. Ƙasar da ke haka, ko ta tara igwa dubu, ba za ta tsaya ba. Da Japan ta ci Sin da yaƙi a 1895, ta kuma hallaka jiragen nan da ake taƙama da su, mutane da yawa suka tuna da maganarsa.

Ya ci gaba da rubutu tare da abokinsa Hu Liyuan, wanda ya fi shi gwaninta a rubutun Sinanci. Sun nemi a biya ma'aikata albashin da zai ishe su, sa'an nan a hukunta mai cin hanci ba sani ba sabo. Sun nemi a sāke jarrabawar shiga aikin gwamnati, wadda ta dogara ga haddar tsofaffin littattafai. Sun nemi a kafa majalisu na zaɓaɓɓun wakilai, a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, a kuma sakar wa 'yan kasuwa mara. Tushen koyarwarsu shi ne, mai mulki domin jama'a yake, ƙarfin ƙasa kuma daga amincewar jama'arta yake fitowa.

Tsohon ɗalibinsa Sun Yat-sen ya ɗauki wannan koyarwa ya wuce da ita gaba, har ya ƙudura a kawar da sarautar Mancu ɗungum. A 1895 Sun da abokansa suka shirya tawaye a Canton, Ho Kai kuma ya taimaka musu a ɓoye da shawara da rubutu. Tawayen bai yi nasara ba, Sun ya gudu ƙasashen waje. Sai a 1911 juyin mulki ya yi nasara, a ranar 1 ga Janairu 1912 kuma Sun Yat-sen ya zama shugaban riƙo na sabuwar Jamhuriyar Sin.

Jami'a, girma da ƙarshe

Da Gwamna Lugga ya kawo shawarar kafa jami'a a Hong Kong, Ho Kai ya ba shi goyon baya sosai. Shi ya shugabanci kwamitin da ya tara gudummawa a wurin Sinawa. Wani attajiri ɗan asalin Indiya mai suna Mody ya biya kuɗin babban ginin. Aka buɗe Jami'ar Hong Kong a watan Maris na 1912, makarantar likitan nan da aka fara a Asibitin Alice kuma ta zama sashen likita na jami'ar. A wannan shekara Sarkin Ingila ya ba Ho Kai lambar girma ta Sa, shi ne Basine na farko a Hong Kong da ya same ta. A shekarar ce kuma Lugga ya komo Nijeriya.

Gwamnan da ya gaje shi, Henry May, bai amince da Ho Kai ba, saboda kusancinsa da sababbin masu mulki na Canton. Da naɗinsa na huɗu ya ƙare a farkon 1914, ba a sabunta ba. Haka shekara 24 ta ƙare. Bayan 'yan watanni, a ranar 21 ga Yuli 1914, Ho Kai ya rasu yana da shekara 55. Ya bar matarsa ta biyu da 'ya'ya maza 10 da mata 7 da ta haifa masa. Mutumin da ya gāji dukiya, ya kuma yi lauya fiye da shekara talatin, ya mutu ya bar iyalinsa cikin ƙuncin kuɗi, gama yawancin lokacinsa ya tafi ga aikin jama'a wanda ba ya kawo riba.

Sunansa ya wanzu ta wata hanya da bai zata ba. Bayan rasuwarsa wani kamfani ya cike bakin teku domin gina gidaje, aka sa wa wurin Kai Tak, wato an haɗa sunansa da na wani attajiri mai suna Au Tak. Daga baya wurin ya zama filin jirgin saman Hong Kong, har zuwa 1998 da aka rufe shi. Mulkin Ingila ma ya ƙare a tsibirin a 1997. Asibitin Alice kuwa ya haifi waɗansu. 'Yar'uwarsa Ho Miu-ling ta ba da kuɗin gina wani a 1906, daga baya aka haɗe su wuri ɗaya, har yanzu kuma asibitin yana ɗauke da sunan Alice da na Miu-ling.

Abin koyi

Na fari, ilimi amana ne. Ho Kai ya dawo da takardu biyu waɗanda za su iya mai da shi attajiri a ko'ina. Da mutanensa suka ƙi maganinsa, bai raina su ba, bai kuma tattara kayansa ya koma Ingila ba. Ya nemi dalilin ƙinsu, ya gina musu asibiti, ya koya wa 'ya'yansu aikin. 'Ya'yanmu da muka sha wahala muka tura makaranta, su yi tunani a kan wannan.

Na biyu, baƙin ciki ba ƙarshen hidima ba ne. Rasuwar matar ƙuruciya takan karya mutum. Shi kuwa ya ɗauki rashinsa ya miƙa ga ikkilisiyar da ta rene shi, ya zama waraka ga dubban mutane da ba su taɓa ganin Alice ba.

Na uku, kujerar wakilci tana da tarko iri biyu. Akwai tsoron mai mulki, wanda kan sa mutum ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana, kamar a 1904. Akwai kuma son faranta wa manyan gari, wanda kan sa mutum ya ɗauka muryarsu ita ce muryar talaka, kamar a maganar dokar tsabta. Ho Kai ya faɗa cikin duka biyu a wani lokaci, duk da iliminsa da kyakkyawar niyyarsa. In irinsa ya yi tuntuɓe, to, kansila da dattijon ikkilisiya da shugaban ƙungiya a cikinmu sai su yi hattara, mu kuma da muka tura su, kada mu daina yi musu addu'a da faɗa musu gaskiya.

Allah ya ba mu shugabanni masu ilimi da tsoronsa, ya kuma sa abin da muka gina ya amfani na bayanmu. Amin.